Sabon Yayi Yana Cikin Adakar Kaka

A goman ƙarshe na azumi, bayan an sha ruwa, duk wanda ya bi ta shagunan teloli a garin Tambuwal zai ga abin da ya saba gani kowace shekara. Janareta na ruri a bakin ƙofa, atamfofi da shaddoji sun yi tsibi har sun kusa taɓo rufi, an rubuta sunan kowa da biro a gefen ƙyallensa. Yaran shago idanu sun yi jawur don rashin barci. Ga yarinya an aiko ta karo na huɗu, ta rusuna ta ce, "Baba tela, wai in ji Inna a ba ni ɗinkinta." Shi kuwa ko kai bai ɗaga ba: "Ki ce mata hannu kawai ya rage, gobe in sha Allahu." Alhali turmin na can ƙasan tsibi, almakashi bai ko shinshine shi ba. A gefe guda wata budurwa ta miƙa wayarta tana nuna hoton wata amarya 'yar Abuja: riga sakakkiya, wuya zagayayye da ɗan surfani, hannu buɗaɗɗe, zane ɗaurin gefe, kallabi an turo shi gaban goshi. "Irin wannan nake so, shi ake yayi." Da za a kai wa kakarta hoton nan a Dogon Daji ko a Kuchi, dariya za ta yi. Irinsa ta sa ranar da aka kai ta ɗaki, kuma ba mamaki yana nan a ninke a ƙasan adakarta yana ƙamshin turaren wuta.

A gidan da aka aiko waccan yarinya kuwa, sau da yawa akwai keken ɗinki a ƙuryar ɗaki, Butterfly ko tsohon Singer, wanda ya zo cikin kayan auren uwargida shekaru ashirin da suka wuce. An lulluɓe shi da tsohon zane, an jera masa kwanuka da samiru a kai, ya koma tebur. Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tunda yayi ya kewayo ya komo kan ɗinkin iyaye da kakanni, ban ga dalilin bin layi a shagon tela ba saboda rigar da tun asali an tsara ta ne yadda za a iya ɗinka ta a tsakar gida. Matan Tambuwal da Kebbe su ya kamata su riƙe wannan yayin da hannunsu, su sauke kwanukan nan, tun masu sanin yankan suna raye.

1. Yankan da, na tsakar gida ne

Wanda ya taɓa warware tsohuwar riga ya shimfiɗa ta a tabarma zai lura kusan babu lanƙwasa a jikinta. Gaba miƙe yake mai kusurwa huɗu, baya haka, hannaye biyu haka, sai ɗan ƙyallen da ake sa wa a hammata don kada ta yage in an ɗaga hannu. Wuya kaɗai ake zagayewa, shi ma da bakin kwano ake iya auna shi. Dalilin haka yana cikin yadda tufa ke isowa hannun maɗinki a ƙasar Hausa. Masaƙi siririya yake fitar da ita, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, sai a jera gefe da gefe a ɗinke. Tufar da mace ta yi wata da watanni tana kaɗa zarenta da mazari, masaƙi ya saƙa, marini ya rina, wa zai yarda ya sa mata almakashi ya zubar da rubu'inta a ƙasa? Shi ya sa aka gina yanka a kan miƙaƙƙen layi. Da atamfar kanti ta zo, keke ya shigo, sai aka ɗora wannan hikimar a kan sabon yadi.

A nan sai an yi wa tarihi adalci. Ɗinkin manyan riguna a da aikin maza ne, galibi malamai da almajiransu, su ne ke zaman zaure da allura suna fitar da aska biyu da aska takwas. Na mata shi ne kaɗi da saƙar gwado. Rigar mata ma kanta ba ta daɗe ƙwarai a karkara ba, kakannin kakanninmu zane ne suturarsu, a ɗaura ɗaya a yafa ɗaya. Saboda haka tsohon yayin da ake magana a kai na shekarun 1960 zuwa 1980 ne, lokacin da keken hannu ya riƙa shiga kayan ɗakin amare, matan kulle suka koyi ɗinka buba da fatari da ɗan tofi da rigunan yara, har suna karɓar na maƙwabta ana biyansu. Wannan ilimi ba a rubuce yake ba. Masu shi suna nan da ransu a Sanyinna da Jabo da Romon Sarki da Ungushi, sai dai ido ya fara rauni, zare ba ya shiga kafar allura sai an kira jika.

Kwatanta wannan da ɗinkin matse jiki da ya mamaye shekarun baya. Sai an yanka gaban riga gida huɗu ko shida, a lanƙwasa kowanne, a sa shafi, a manna gam, a ɗora dogon zif, a kai wa mai injin kama baki, sannan a kai wa mai manna duwatsu. Kusan kowane mataki da injinsa, kowane inji da buƙatar wuta, labarin wutar lantarki a Kebbe kuwa ba sai an ba kowa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin man janareta ya hau kan kuɗin ɗinki, kuma mai kaya ke biya. Keken ƙafa ba ruwansa da wannan rigima. Ɗigon mai a ƙarfensa, sabon bel in ya tsinke, allura da zare, da dutsen guga na gawayi, jarin ke nan.

2. Lissafin turmi guda

Turmin atamfa yadi shida ne. A tsohon tsari yadi biyu zane ne, ba ya buƙatar komai sai kalmasa. Kusan biyu su tafi a riga, kallabi ya ci ɗaya ko ƙasa da haka, abin da ya rage ya zama majanyi ko 'yar rigar jaririya. Ba abin da ke faɗuwa ƙasa sai wanda aka ƙwaƙule a wuya, shi ma aljihu ake yi da shi. A sabon tsari turmin gaba ɗaya doguwar riga ɗaya yake zama, wani lokaci ma tela ya ce bai isa ba, guntayen kuma su tafi cikin buhun ƙyallayen da ake cusa wa matashin kai.

Amma babban lissafin yana cikin shekarun da tufar za ta yi a jiki. Jikin matar aure sauyawa yake yi: ciki, jego, shayarwa, a huta, a sake. Rigar da aka ɗinka daidai ƙugun amarya a watan bikinta, bayan wata biyar ta zama kayan kallo a cikin akwati, kuma ko an haihu ba lallai ne ta sake shiga ba. Buba kuwa tana tafiya da mai ita a kowane hali, a shayar da yaro a cikinta ba tare da an nemi mai zuge zif a baya ba. Zane ya fi kowa tsawon rai. A yi kwalliya da shi, in ya kwana biyu ya koma na zaman gida, daga nan ya zama na goyo, ya zama shimfiɗar jariri, a ƙarshe ya ƙare a tsumman sauke tukunya. Iyayen angon da suka sayar da buhunan gero suka haɗa lefe, a irin wannan ne kwalliyarsu ke biyan kuɗin sabulu. Ga kuma zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma duk wadda ta yini a bakin murhu cikin abayar roba ta san bambancinta da sakakkiyar rigar auduga, wadda iska ke shiga ta hannu ta fita ta wuya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kakanni kuwa a cikin wannan zafin suka zaɓi yankansu.

3. Yaya aka yi keke ya koma tebur?

Ruwa ba ya tsami banza. Na farko akwai gwanjo. A takarda, tsofaffin tufafi na cikin kayan da dokar kwastan ta Najeriya ta haramta shigowa da su, amma dila-dila suke ratsowa ta Kwatano da iyakokin Nijar har su isa kasuwar ƙauye mafi nisa. Uwar da za ta samu rigar yaro a gwanjo da kuɗin da bai kai na yadi ɗaya ba, ba za a zarge ta ba in ta rufe keke. Bayansa kuma ga kayan kanti na China da abayoyin Dubai, a saya yau a sa yau.

Amma abin da ya fi waɗannan illa shi ne raini. "Ɗinkin gida" ya zama zagi a bakin 'yan mata, daidai da a ce wa mutum baƙauye. Kuma in za a faɗi gaskiya, wani ɗinkin gidan ya cancanci dariyar: kalmasa a karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, zare fari a kan atamfa shuɗiya. Sai dai maganin karkataccen ɗinki koyo ne, koyon kuwa shi ne ya yanke. Uwa ta daina, 'ya ba ta gani ba, jika ba ta ma san inda ake zura zare ba. Keke ya ɗan cije, babu mai gyara a kusa, aka ce sai an je Jega ko Sakkwato, aka ce gobe, goben ta zama shekara goma.

Gwamnatoci da 'yan siyasa sun daɗe da gano cewa keken ɗinki abu ne mai kyau a hoto. Kowace kakar zaɓe ana jera su a fili da sunan tallafi, a raba, a tafa, a watse. Wasu ba sa cika mako a gidan da aka kai su, an sayar an sayi abinci, kuma ba laifin matar ba ne: an ba ta ƙarfe, ba a ba ta malama ba. Abin mamaki shi ne wannan yanki ya fi kowa sanin yadda ake kai ilimi cikin gidaje. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, jajis ta naɗa, mata dattijai masu zuwa wurinta su ɗauko karatu su koma ƙauyukansu su koyar da 'yan'uwansu mata, tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Yau ga Islamiyyun matan aure a kusan kowace unguwa, mata na haɗuwa a rana sananniya ba sai an yi musu shela ba. Da kuɗin keke biyar za a iya biyan tsohuwar maɗinkiya ɗaya ladan zama awa biyu a mako bayan an tashi karatu, da mai gyara da zai riƙa zagayawa wata-wata. Kekunan suna nan a ɗakuna. Hannu ne babu.

Kuma an ga inda irin haka ta yi aiki. A birnin Zariya, ɗinkin hannu na babbar riga da a da na maza ne ya shiga cikin gidaje, mata suka ƙware a kansa, har wasu suka kafa ƙungiya mai sunan Sarauniya Amina a shekarun 1990, suna ɗora tsohon zanen riga a kan kayan zamani ana saye har ƙasashen waje. Ɗinkin hula ma, da dubban matan arewa ke ci da shi daga cikin ɗakunansu, shaida ce cewa kulle bai taɓa hana allura aiki ba.

4. Masu ja da wannan magana

Na farkonsu tela ne, kuma yana da bakin magana: in kowace mace ta ɗinka nata, shi ya ci me? Amsar tana cikin tsibin da ke shagonsa. Telan da ya karɓi turmi ɗari alhali ƙarfinsa na sittin ne, ba rashin aiki ke damunsa ba, yawan ƙananan ayyuka ne suka shaƙe shi har ya zama maƙaryaci ba da son ransa ba. Kalmasar zane da kallabi da rigar 'yar shekara uku ba su ne ke kawo masa riba ba, lokacinsa kawai suke ci. In waɗannan suka koma gida, ya samu sararin kaftani da babbar riga da kayan amare, inda gwanintarsa take da kuɗi. Wanda ke kashe masa kasuwa na gaskiya shi ne mai kawo riga ɗinkakkiya daga Guangzhou. Macen da ta san ɗinki kuwa ita ce mai gane aiki mai kyau in ta gani, ta biya ba gardama.

Na biyu ya fi zafi. Zai ce wane irin komawa gida ake magana, alhali atamfar kanta baƙuwa ce? Gaskiya ne, kuma abin takaici ne. Lokacin da Bature Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar tufar da aka saƙa aka rina a can tana kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa maɗinka da marina cikin masu sana'ar da ya wajaba shugaba ya kula da su. A zamanin Sardauna aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya har da ta Gusau, audugar Funtuwa da Zamfara ta samu masu saye a gida. Yau yawancinsu kufai ne, babbar cikinsu, UNTL, ta rufe ƙofa a 2007, kuma mafi yawan abin da ke kasuwar Kantin Kwari ta Kano daga China yake. Macen Kebbe ba za ta tayar da masaƙar Kaduna da keken hannunta ba, kuma ban ce za ta yi ba. Amma a kowace riga kuɗi biyu ne, na yadi da na hannu. Wadda ta sayi abaya ɗinkakkiya ta aika duka biyun waje. Wadda ta sayi yadi ta ɗinka, ko ta ba maƙwabciya, ta riƙe ɗaya a unguwa. Kuma ɗora hannun gida a kan kayan baƙi ba sabon abu ba ne a wurinmu. Jan alharinin da ake ƙawata rigunan sarakuna da shi ta hamada ayari ya riƙa kawo shi. Atamfar Holan da iyayenmu ke alfahari da ita a garin Helmond kamfanin Vlisco ke buga ta, shi ma kwaikwayon rinin mutanen Indonesiya ya yi. Shaddar Getzner daga Ostiriya take. Ba wanda ya taɓa kallon mace cikin riga da zane da kallabi ya ce shigar Turawa ta yi. Yanka da ɗauri su ne namu.

Na uku malami ne, ko maigida mai kishi, da zai ce kada da sunan tsohon yayi a komo da ɗaurin ƙirji da fita ba mayafi. Wannan tsoro bai da wurin zama. Cikin duk ɗinkunan da aka yi yayi a shekaru hamsin ɗin nan, buba da zane sun fi kowanne sakin jiki da rufe sura, sun fi matsattsiyar doguwar rigar da ake ɓoyewa a ƙarƙashin hijabi nesa ba kusa ba. Hijabin ma kansa, da ake saye dozin-dozin saboda 'yan makaranta, yana cikin abubuwa mafi sauƙin ɗinki a keken gida. Ƙari a kan haka, macen da ke ɗinka nata ba ta da buƙatar wani namiji ya zagaya ta da tef yana rubuta awon ƙirjinta da ƙugunta a littafi, abin da magidanta da yawa ke haɗiyewa don ba yadda za su yi.

Wanda zai ce ɗinki zai hana yarinya karatu kuwa, sai ya fara duba talla, wadda ita ce ke fitar da yara mata daga aji a ranar kasuwa.

5. Kallabi, jaka, da abin da ke ƙasan adaka

Kwalliyar da ba a riga take ƙarewa ba. Ɗaurin ture-ka-ga-tsiya da 'yan mata ke koyo a waya yanzu tsohon ɗauri ne, haka ma wanda ake kira da sunan Maryam Babangida tun zamanin shirinta na kyautata rayuwar matan karkara da ta fara a 1987. Babu ɗayansu da ke buƙatar ko sisi, madubi kawai da goggo mai haƙuri. Guntayen atamfa kuma da ake sharewa suna iya zama jakar hannu, jakar allo da littafin Islamiyya, ko bakin mafici. Ga fatar jar akuyar Sakkwato a kusa, wadda fatake suka riƙa ƙetara hamada da ita har Turawa suka sa mata sunan fatar Maroko. Jakar atamfa mai hannun jar fata, in dukawa da maɗinkiya suka haɗa kai, ba ta da abin jin kunya a gaban jakar robar da ke ɓarewa bayan biki biyu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sai dai gargaɗi ɗaya ga masu ɗoki: kada a sa wa kayan kaka almakashi. Tsohon saƙi ko zanen rini da aka samu a ƙasan adaka ba a sake saƙa irinsa a yawancin garuruwanmu, in aka yanka shi don a yi siket ɗin biki ɗaya, an yi asarar da ba ta da gyara. Abin yi shi ne a shimfiɗa rigar a kan takardar buhun siminti, a bi gefenta da alli, a yanke takardar a ajiye. A ɗauki hotonta gaba da baya, ciki da waje, musamman hammata da wuya inda dabarar take. A zaunar da mai ita a tambaye ta sunan ɗinkin, wa ya ɗinka mata, yadi nawa ya ci, me ya sa aka yi tattara a nan ba a yi a can ba. Irin waɗannan kaya ranar rabon gado ake watsa su, wannan ta ɗauki ɗaya, a yi sadaka da saura, sunayensu su bi mai su kabari. A wasu ƙauyukan Kebbe da rashin tsaro ya tilasta wa mutane barin gida cikin dare, adaka na cikin abin da ake bari a baya. Macen da ta fito da sana'ar a hannunta kuwa, duk inda ta sauka aka ara mata keke, ta samu na cefane.

Tsakanin ƙaramar Sallah da babba kusan kwana saba'in ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana saba'in sun isa mai farawa ta iya kalmasar zane da kallabi, ta ɓata tsohon zanen gado ɗaya wajen gwaji, ta fitar da buba ɗaya da za a iya fita da ita. Uwargida, sauke kwanukan nan ki aika a ɗauko Kaka ta kwana biyu a gidan. Maigida, naka shi ne bel da allura da man keke, da kuɗin motar mai gyara.